Kafin Kwamfuta Ta Raɗa Mana Suna



Yau zan ɗan kauce daga zancen jigo da salo da zubi da muka saba, in shiga wani fage da mafi yawanmu za su ce na masu kwamfuta ne. Ku yi mini haƙuri ku biyo ni, domin maganar tawa ta suna ce, kuma babu wanda ya fi marubuci sanin nauyin suna.

Lokacin da nake karatun difloma a fannin kwamfuta, an tura ni aikin sanin makama a wata ma'aikata. Aikin farko da aka ba ni shi ne shigar da sunayen ma'aikata cikin sabon kundin kwamfuta. Daga wannan kundi ake buɗe wa kowa adireshin imel, a ba shi izinin shiga kwamfutocin ofis, kuma daga cikinsa ake zaro jerin sunaye duk lokacin da aka buƙata. A cikin ma'aikatan akwai wani dattijo direba da ya daɗe ƙwarai a wurin. Daga mai gadi har shugaba, kowa da sunan garinsu yake kiransa, a sa masa "Baba" a gaba. Da na zo kansa sai kwamfuta ta ƙi karɓar bayanansa, wai gurbin sunan dangi babu komai. Na buɗe fayil ɗinsa, na ga sunan yanka da sunan mahaifi, na zuba su na wuce. Sunan garin nan da duniya ta san shi da shi ban ga inda zan sa shi ba, sai na bar shi a waje.

Bayan wasu makonni aka ce a haɗa sunayen direbobin da za a biya kuɗin tafiya. Wanda aka ba aikin sabo ne a wurin. Ya rubuta sunan da ya ji ana kiran Baba da shi, kwamfuta ta ce babu mai wannan suna, shi kuma ya wuce. Kuɗin kowa ya shiga ban da na Baba. Ranar da ya gane inda matsalar take, har teburina ya same ni.

"Ɗana, kai ne ka rubuta ni a na'urar nan?"

"Ni ne, Baba."

"To wa ka rubuta? Don ni dai an ce babu ni."

An gyara daga baya, an biya shi, amma sai da ya yi ta sintiri tsakanin ofisoshi. Laifina ne, ban musa ba. Sai dai da na zauna na karanci yadda kundin yake aiki, na gane cewa kuskuren ya girme ni. Rigar da aka ba ni in sa wa Baba ba da awonsa aka yanka ta ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waɗanda suka ɗinka rigar sun bar hanyar da kowa zai ƙara mata aljihun da ya dace da shi, mu ne ba mu bi hanyar ba.

Ra'ayina ke nan a wannan mako: duk ƙungiya ko makaranta ko ma'aikatar da za ta kafa kundin mutanenta a kwamfuta, ta zauna ta rubuta nata ajin bayanai da ya dace da yadda muke kiran junanmu. Kuma wannan rubutu, da marubuta ya kamata a yi shi, ba masu kwamfuta su kaɗai ba.

Mene ne wannan kundi?

Irin kundin da nake magana ana tuntuɓarsa ne ta wata ƙa'ida mai suna LDAP. Asalinta wani tsari ne da ake kira X.500, wanda hukumar sadarwa ta duniya ta fitar a 1988. Da aka ga ya yi nauyi, sai aka samar da mai sauƙi a farkon shekarun 1990, inda Tim Howes na Jami'ar Mishigan ta Amurka da abokan aikinsa suka taka muhimmiyar rawa. An wallafa ƙa'idar a 1993, zubi na uku ya fito a 1997, aka sake tace shi a 2006. A yau manhajar OpenLDAP da kundin Active Directory na kamfanin Microsoft duk suna jin wannan yare. Idan ka taɓa shiga kwamfutocin wata jami'a ko banki da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya a duk inda ka zauna, da wuya a ce babu irin wannan kundi a bayan fage.

A cikin kundin, kowane mutum yana da abin da zan kira kati. Kowane kati yana da gurabe: gurbin suna, gurbin lambar waya, gurbin imel. Dokar da ta faɗi gurabe nawa ne ake da su, me ake zubawa a kowanne, kuma yaya za a kwatanta abin da ke ciki idan ana bincike, ita ake kira sikima. A cikin sikima kuma akwai azuzuwa. Aji shi ne bayanin da ya ce: duk katin da ya amsa wannan suna, dole ya cike gurabe kaza, yana kuma iya cike gurabe kaza idan ya ga dama. Na dole ana jera su bayan kalmar MUST, na ganin dama bayan kalmar MAY.

Ajin da aka tanada wa ɗan Adam sunansa person, kuma a takardar RFC 4519 gurabensa na dole biyu ne kacal: cn, wato sunan da aka san mutum da shi, da sn, wato sunan dangi. Daga shi organizationalPerson ya yi gado, daga wannan kuma inetOrgPerson, wanda aka wallafa a RFC 2798 a shekarar 2000, shi ne wanda aka fi amfani da shi. Duk ajin da ya yi gado, da dokokin ubansa yake tafiya. Saboda haka sunan dangi ya zama wajibi a kan duk wanda aka rubuta da waɗannan azuzuwa. Wannan wajibin ne ya tsayar da ni a kan katin Baba.

Mu kuwa yaya sunanmu yake?

Ku dubi tarihin adabinmu kawai. A gasar rubutun 1933 wadda ta haifar da littattafan zube na farko a boko, akwai wa da ƙani a cikin waɗanda suka yi nasara: Bello Kagara mai Ganɗoki, da Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja. Kundin da ya dogara da sunan dangi zai ajiye ɗaya a harafin K, ɗaya a harafin I, ba zai taɓa sanin gidansu ɗaya ba. Tafawa Ɓalewa gari ne a Jihar Bauchi. Shagari gari ne a Jihar Sakkwato. Zungur ta Sa'adu Zungur ita ma wuri ce. Kano da ke jikin sunan Malam Aminu ba ta sa ya zama ɗan uwan duk wani mai Kano a ƙarshen sunansa ba. Shata laƙabi ne. Ɗan Maraya Jos kuwa, mutum nawa ne za su neme shi da sunan Adamu? Idan kuma aka ce Sardauna a Arewa ba tare da ƙarin bayani ba, kowa ya san wanda ake nufi, alhali sarauta ce.

Ga kuma al'adar kunya da sakaya suna. Yaron da ya ci sunan kakansa sai a kira shi Abba ko Baffa, yarinya a kira ta Ummi, har su girma da yawa ba su san sunansu na yanka ba sai a takardar makaranta. Mace ta yi aure, a wata takarda tana ɗauke da sunan mahaifi, a wata da sunan miji. A cikinmu marubuta kuma ga sunan alƙalami. Da yawa daga 'yan uwanmu mata masu rubutu a WhatsApp da Wattpad, da "Maman wane" ko "Ummu wance" masu karatu suka san su.

Ke nan Bahaushe ɗaya yana iya ɗaukar sunan yanka, sunan mahaifi, sunan kaka, sunan gari ko unguwa, laƙabi, sarauta, da sunan alƙalami. Kowanne da aikinsa da wurin da ake kiransa. Idan aka ce duk a tura su cikin gurabe biyu, dole wani ya faɗi ƙasa, kuma sau da yawa wanda yake faɗuwa shi ne wanda mutane suka fi sani.

Yadda ake rubuta sabon aji

Azuzuwa iri uku ne. Akwai na tushe, wanda ake yi wa alama da ABSTRACT. Ba a gina kati da shi kai tsaye, gado kawai ake yi daga gare shi, kuma babbansu shi ne top. Akwai na ginshiƙi, STRUCTURAL, wanda yake faɗin mene ne ainihin abin da ke kan katin: mutum ne, ƙungiya ce, ko na'ura. Kowane kati da ginshiƙi ɗaya yake tsayawa, kuma a ƙa'ida ba a sauya masa shi bayan an ƙirƙire shi. Sai na uku, ajin ƙari, AUXILIARY, wanda ake liƙa wa katin da ya riga ya wanzu domin a ƙara masa gurabe. Kati ɗaya yana iya ɗaukar azuzuwan ƙari da yawa.

Wannan na ukun shi ne namu. Haka manyan makarantun Amurka suka yi da suka ga inetOrgPerson bai san bambancin ɗalibi da malami ba: suka rubuta ajin ƙari mai suna eduPerson, suka sa gurbin matsayin mutum a makaranta, har da gurbin laƙabi. Haka masu kwamfutocin Unix suka yi da posixAccount a RFC 2307. Ba su roƙi kowa ya sauya musu ma'anar person ba. Sun bar shi yadda yake, suka ɗora nasu a kai.

Kowane gurbi da kowane aji yana buƙatar lambar shaida da babu mai irinta a duniya, ana kiranta OID. Lambar person, alal misali, ita ce 2.5.6.6. Hukumar IANA tana ba kowace ƙungiya da ta nema lambarta kyauta, a ƙarƙashin reshen 1.3.6.1.4.1, daga nan sai ƙungiyar ta riƙa yanka rassa a ƙarƙashin tata yadda ta so. A misalin da zan kawo na yi amfani da 32473, lambar da aka keɓe musamman don misalai a rubuce. Kada wani ya ɗauke ta ya sa a kundin gaske.

attributetype ( 1.3.6.1.4.1.32473.1.1
 NAME 'haSunanAlkalami'
 DESC 'Sunan da marubuci yake sa wa a kan rubutunsa'
 SUP name )

attributetype ( 1.3.6.1.4.1.32473.1.2
 NAME 'haLakabi'
 DESC 'Sunan da ake kiran mutum da shi yau da kullum'
 SUP name )

objectclass ( 1.3.6.1.4.1.32473.2.1
 NAME 'haMarubuci'
 DESC 'Marubucin Hausa'
 SUP top AUXILIARY
 MAY ( haSunanAlkalami $ haLakabi ) )

Kada baƙaƙen nan su razana kowa. Na farko yana cewa: ga sabon gurbi, ga lambarsa, ga sunansa, ga ma'anarsa, kuma ya gaji halayensa daga gurbin name, wato rubutu ake zubawa a ciki kuma ba a bambanta babban baƙi da ƙarami wajen bincike. Na biyu ma haka. Na uku ya ce: ga aji na ƙari, duk katin da aka liƙa masa shi yana iya ɗaukar waɗannan gurabe biyu. Da wannan zubin za a ƙara gurbin sunan mahaifi, na gari, na sarauta. Da a ce akwai gurbin laƙabi a ma'aikatar can, kuma manhajar bincike tana leƙa shi, da Baba bai yi sintiri ba.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa

Wataƙila wani ya lura na rubuta haSunanAlkalami da haLakabi babu ƙugiya a kan k. Ba mantuwa na yi ba. Ƙa'idar ta ce sunan gurbi da na aji ba sa ɗaukar komai sai baƙaƙen Turanci da lambobi da karan ɗori. Wannan iyaka ce da ba mu da yadda za mu yi da ita. Amma abin da ake zubawa cikin gurbin, idan an zaɓi nau'in rubutun da ake kira Directory String, yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lafiya lau, domin da tsarin UTF-8 yake aiki. Akwai wani nau'in kuma mai suna IA5 String, irin wanda gurbin imel yake amfani da shi, shi ba ya karɓarsu sam. Wanda ya kwafo misali daga intanet bai duba ba, ya sa wa gurbin laƙabi wannan nau'in, to ya kori Ɗanjuma da Ɓaidu daga kundinsa tun kafin su iso.

Akwai tarko na biyu. A wurin kwamfuta ƙ da k baƙaƙe ne biyu mabambanta, kamar yadda suke a wurinmu. Wanda ya nemi Kofar Mata a waya marar baƙaƙenmu ba zai tarar da Ƙofar Mata ba. Haka nan mu a Najeriya muna rubuta 'ya, 'yan uwanmu na Nijar suna rubuta ƴa, kuma kundi ba zai san abu ɗaya ba ne sai an gaya masa. Maganin yana cikin tsarin kansa: gurbi irin wanda na rubuta a sama yana karɓar amsa fiye da ɗaya, muddin ba a sa masa alamar SINGLE-VALUE ba. Sai a rubuta sunan daidai da ƙa'idar rubutun Hausa, a ƙara na biyu marar ƙugiya domin mai bincike. Gurbin cn ma a ƙa'idar asali haka yake, yana ɗaukar suna fiye da ɗaya. Wannan shi ne abin da ban sani ba ranar da na rubuta Baba.

Har alamar ɗauri da ke cikin jama'a da ma'ana tana da nata sha'ani. Da yake da irinta ake buɗe bayanin DESC a kuma rufe shi, idan za ta fito a tsakiyar bayanin sai an rubuta ta da \27. Wanda bai san Hausa ba, ba zai taɓa tunanin wannan zai dame mu ba. Mu kuwa da ƙyar za mu rubuta layi uku ba ta fito ba.

Dokokin da nake ganin a kiyaye

Na farko, kada a taɓa ajin asali. Na san akwai mai cewa a buɗe fayil ɗin sikima a goge sn daga jerin MUST a huta. Ranar da aka sabunta manhajar ko aka haɗa kundin da na wata ma'aikata, ranar za a gane an yi aikin baban giwa. Ma'anar person ta duniya ce baki ɗaya, ba ta gidanmu ba.

Na biyu, kada a yi aron gurbi a zuba masa abin da ba nasa ba. Na ga inda aka zuba laƙabi a gurbin lambar ɗaki, don kawai gurbin yana zaune babu komai. Wanda ya yi haka shi kaɗai ya san sirrin, kuma ranar da ya bar aiki ya tafi da shi.

Na uku, a rage dole. Duk abin da aka sa a MUST, an yanke hukunci ke nan cewa babu wani mutum da zai zo ba shi da shi. Wannan shi ne ainihin kuskuren da aka yi mana da sunan dangi, bai kamata mu maimaita shi a kan wasu ba. Ba kowane marubuci ke da sunan alƙalami ba, ba kowa ke da laƙabi ba, kuma ba duk mai rubutu da Hausa ne yake da suna irin na Hausawa ba.

Na huɗu, a sa wa sunayen wata alama a farko, kamar yadda na sa "ha", don kada su yi karo da na wasu. A kuma ajiye rajistar lambobin da aka riga aka raba. Lambar da aka taɓa ba wani gurbi ba a sake ba wani, ko da an daina amfani da na farkon.

Na biyar, a yi shawara kafin a zartar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Active Directory, aji ko gurbin da aka ƙara wa sikima ba a goge shi, iyaka dai a dakatar da shi. A OpenLDAP ma, da zarar katunan mutane sun cika da wani gurbi, sauya masa ma'ana aiki ne ja. A gwada a kwamfutar gwaji tukuna, da sunayen mutane iri-iri, kafin a kai kan ta gaske.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce: "Ajin ƙarin naka bai cire wajibcin sn ba." Gaskiya ne. Muddin inetOrgPerson ne ginshiƙin katin, sai an sa wani abu a gurbin. Ana iya rubuta sabon ginshiƙi da babu sn a cikinsa, amma manhajoji da yawa katin da ya amsa sunan person ko inetOrgPerson kawai suke nema, wanda bai amsa ba sai su wuce shi kamar ba su gan shi ba. Shawarata ita ce a rubuta doka ɗaya kowa ya bi: abin da ke matsayin sunan dangi a katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo shi za a sa a sn, sauran sunaye kuma kowanne ya tafi gurbinsa. Ta haka kundin zai yi magana da na waje, kuma bai yi wa na gida ƙarya ba.

Wani zai ce: "Idan kowa ya ƙirƙiro nasa, ai an koma gidan jiya, babu mai fahimtar wani." Wannan suka ce mai nauyi, kuma ita ta sa nake wannan rubutu a gaban jama'a maimakon in yi abina ni kaɗai. Idan ƙungiyar Kano ta rubuta nata, ta Zariya ta rubuta nata, ta Damagaram ta rubuta nata, kowacce da ma'anar laƙabi daban, an yi asarar wahala. Darajar eduPerson ta zo ne daga yadda makarantu da yawa suka yarda da ma'ana ɗaya. Mu ma abin da ya dace shi ne a zauna a fitar da aji ɗaya na sunan Bahaushe, a wallafa shi kyauta, duk mai so ya ɗauka.

Wani kuma zai ce: "Mu da ko ofis ba mu da shi, ina mu ina LDAP? Ai Excel ya ishe mu." Na yarda, ƙungiya mai mutum hamsin ba ta buƙatar saba. Amma kan kowane layi da ka rubuta a saman shafin Excel gurbi ne, kuma duk tambayar da ka sa wa jar alamar dole a fom ɗin Google, MUST ka rubuta. Mu da kanmu, a fom ɗin gasa da na rajistar taro, muna kwafo "sunan farko" da "sunan ƙarshe" ba tare da mun tambayi kanmu ko sun dace da mu ba. Sannan ranar ba da kyauta a kira wani suna, zaure ya yi tsit, don babu wanda ya san marubuciyar da shi.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta sirri. Duk gurbin da aka buɗe, wata rana sai an cike shi, kuma abin da aka rubuta ana iya karanta shi. Akwai 'yar uwar da take rubutu da sunan alƙalami saboda dalilin gidan aure ko na dangi. Ranar da muka haɗa sunanta na yanka da na alƙalami a kati ɗaya, mun ɗauki amana. Sikima tana faɗin abin da za a ajiye ne kawai. Wanda zai gani kuwa, wata doka ce daban ta izini da ake rubuta wa kundin, kuma wajibi ne a rubuta su tare. Haka kuma kada daɗin ƙirƙira ya ɗebe mu mu buɗe gurbin ƙabila ko addini ko lafiya ba tare da kwakkwaran dalili ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa irin waɗannan cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman. Abin da ba a buƙata, kada a tambaya.

Ina marubuci ya shigo?

Ku sake duban misalin can, ku tsaya a kan layin DESC. Duk sauran layukan ɗalibin kwamfuta zai koye su a yini ɗaya. Wannan layin kuwa jimla ce ta Hausa da za ta raba gardama shekaru masu zuwa. Mene ne bambancin laƙabi da inkiya? "Alhaji" da "Malam" da "Hajiya" ina za su shiga? Sarautar da aka naɗa mutum da sarautar da ta zama sunan gidansu, gurbi ɗaya ne ko biyu? Idan sunan gari ya riga ya shiga takardun mutum har 'ya'yansa sun gaje shi, har yanzu sunan gari ne ko ya zama na dangi? Idan bayanin gurbi ya yi duhu, ma'aikata goma za su cike shi ta hanya goma, kundin ya koma kwandon shara.

Waɗannan tambayoyi na masu harshe ne. Mu ne muke kwana muna tunanin sunan da ya dace da tauraron labari, mu ne muka san dalilin da ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mu ne muka san lokacin da matar gida za ta ce "Malam" da lokacin da za ta ce "Baban wane". Idan muka bar fagen, mai kwamfuta zai cike shi da abin da ya kwafo, kamar yadda na yi wa Baba. Ba mugunta ce za ta sa shi ba, gaggawa ce da rashin wanda zai tambaya.

Don haka ga ɗan aikin da nake roƙon kowa ya gwada a wannan mako. Ka ɗauki mutum biyar a gidanku, daga kaka zuwa jika. Ka rubuta duk sunayen da ake kiran kowannensu da su, da wanda yake kiransa da kowanne. Sannan ka yi ƙoƙarin rubuta wa kowane irin suna bayani na jimla ɗaya, wadda baƙon da bai san gidanku ba zai karanta ya cike gurbin daidai. Za ka ga aikin ya fi yadda kake zato wuya, kuma zai gyara maka alƙalami ko da ba ka taɓa kusantar kundin kwamfuta ba. Abin da muka samu sai mu haɗa, mu tace, mu miƙa wa 'yan uwanmu masu ilimin kwamfuta su sa masa lambobi.

Ni dai tun daga ranar da Baba ya tsaya a gaban teburina, ban sake cike wa wani fom ba sai na tambaye shi: "Da wane suna aka fi sanin ka?" Idan kuma fom ɗin ba shi da wurin amsar, nakan nemi wanda ya tsara shi mu yi magana.

Allah Ya sa mu dace, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.